An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Tsohuwar Kwamfuta da Bidiyo Mai Tsaitsayawa

Wani marubuci da nake ganin girmansa ya yi rubutu kwanakin baya kan kwamfutocin gida da suka kwana biyu, irin waɗanda in an kunna bidiyo sai hoto ya riƙa tsaitsayawa, murya ta wuce ta bar leɓe a baya. Hukuncin da ya yanke gajere ne: tsufa. A ganinsa kwamfuta na gajiya kamar kowace na'ura, idan ta haura shekara bakwai ko takwas to ƙarfinta ya zube, kuma a wajen bidiyo ne raunin ke fara nunawa. Daga nan ya ba da magani hawa uku. A kai ta a yi mata fomat. In ba ta daina ba, a ƙara mata RAM. In ta ci gaba, a miƙa wa 'yan gwangwan a sayo sabuwa, kowa ya huta.

Na san Malam da kyakkyawar niyya ya yi, kuma akwai wurin da zan ba shi gaskiyarsa in mun isa can. Sai dai duk hawa ukun nan kuɗi suke ci, kuma babu inda ya ce wa mai karatu ya leƙa ya ga abin da ke faruwa kafin ya sa hannu a aljihu. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo, farashin kayan lantarki kuma ya bi ta. A irin wannan hali, cewa malamin firamare ko ɗalibar jami'a su je su sayo sabuwar kwamfuta ba ƙaramar magana ba ce. Mai faɗinta ya kamata ya fara tabbatar da cewa ya gano ciwon.

Tushen maganar tasa ma bai zauna ba. Firosesa ba ta rage gudu don ta daɗe. Babu wani abu mai juyawa ko gogayya a cikinta da zai cinye. Core i5 da aka ƙera a 2012, muddin ta samu sanyi da isasshiyar wuta, lissafin da take yi a daƙiƙa ɗaya yau shi ne wanda take yi ranar da aka zaro ta daga kwali. Abubuwan da ke tsufa a cikin kwamfuta sanannu ne: fanka, batir, faifan ajiya mai juyawa, da man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke kwashe mata zafi. Kowanne ana sauya shi shi kaɗai, da kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwa ba. Mai shakka ya lalubo tsohon fim ɗin da ya ajiye a filas tun zamanin da ya sayi kwamfutar, ya kunna. Galibi zai ga ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. In gajiya ce, me ya hana ta gajiya da wannan?

Sannan Malam ya tattara cututtuka daban-daban ya raɗa musu suna ɗaya. Akwai bidiyon da ke tsayawa cak, hoto da murya tare, ɗan zoben nan na ta juyawa a tsakiyar allo, can sai ya ci gaba. Wannan babu ruwan kwamfuta, intanet ce ba ta kawo kaya a kan kari. YouTube da kansa ya ba da ma'auni: bidiyo mai 720p na son gudun megabit 2.5 a daƙiƙa, mai 1080p na son 5, mai 4K kuwa 20. Wanda ya jona kwamfuta da wayarsa bayan Isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau layi, ko sabuwa fil ya sayo zoben zai ci gaba da juya masa. Akwai kuma wanda murya ke tafiya daidai amma hoto na tsalle-tsalle, mutum ya ɗaga hannu sai ka gan shi ya riga ya sauke. Wannan kam daga kwamfutar ne, ta kasa shirya hotunan a kan lokaci tana zubar da wasu. Na uku shi ne wanda komai ke maƙalewa, linzami ya ƙi motsi, ɗan fitilar faifai ya kama ci ba ya ƙiftawa. A wannan na ukun kaɗai RAM ke da ta cewa. Wanda aka fi kuka da shi kuwa na biyun ne, kuma a kansa ne rubutun Malam bai ce uffan ba.

Bidiyo hotuna ne a jere, 24 ko 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Da za a ajiye su yadda kyamara ta ɗauko, minti ɗaya na 1080p zai ci fiye da gigabait biyar. Shi ya sa ake matse su kafin a aiko, aikin kwamfutarka kuma shi ne ta warware matsin nan take, hoto bayan hoto. In bidiyon mai hoto 30 ne, tana da kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa ta gama da kowanne. In mai 60 ne, ba ta da ko 17. Hoton da bai shiryu a lokacinsa ba sai a tsallake shi, kuma tsallaken nan ne ido ke gani.

Salon matsin ba ɗaya ba ne. Wanda ya mamaye duniya shekara da shekaru shi ne H.264, da aka kammala tsarinsa a 2003. Don yawan amfani da shi, masu ƙera kwamfuta suka ware masa wani ɗan sashe na musamman a ɓangaren hoto, wanda ba shi da aiki sai warware shi. Kusan duk kwamfutar Intel da aka yi daga 2011 zuwa sama, wato daga zubi na biyu na su Core i3 da i5 da i7, tana ɗauke da shi. Sashen nan kamar injin niƙa ne da aka ƙera don hatsi iri ɗaya. In an kawo irin nasa, kafin ka juya ya zubo gari, ba hayaniya ba zufa. In an kawo wani iri ba ya karɓa, sai a koma turmi da taɓarya, firosesa ta yi aikin da ƙarfin tsiya.

To, bayan an ƙera waɗannan kwamfutocin ne aka sauya hatsin. A 2013 Google ya fito da VP9, a shekarar ce kuma aka fito da HEVC. A 2018 ƙawancen manyan kamfanoni, ciki har da Google da Netflix da Amazon da Microsoft da Intel, ya fito da AV1. Dalilinsu a fili yake: sababbin salon sun fi matse bidiyo, hoto mai kyau iri ɗaya da data kaɗan, kuma ga kamfanin da ke aika bidiyo ga biliyoyin mutane wannan ragi ne na maƙudan kuɗi. Amma warware su ya fi wuya nesa ba kusa ba. Intel bai sa cikakken sashen HEVC ba sai a zubi na shida a 2015, na VP9 sai a zubi na bakwai a 2016, na AV1 kuwa sai a zubi na goma sha ɗaya a 2020. Yanzu a dubi kwamfutocin hannu da suka cika shagunan Beirut Road a Kano da Computer Village a Ikeja suka kuma watsu cikin gidajenmu: HP EliteBook 8460p da 8470p, Dell Latitude E6420, ThinkPad T420 da T430, har zuwa EliteBook 840 ta farko. Duk zubi na biyu zuwa na huɗu ne. H.264 suka iya. YouTube kuwa in ya ga burawuzarka na karɓar VP9 ko AV1, sau da yawa shi zai turo, ko da sashen hotonka bai san shi ba.

Wannan ba zato ba ne da sai an yarda da ni. Kowa na iya gani da idonsa cikin rabin minti. A buɗe kowane shiri a YouTube, ko shirin Labarina ne ko karatun wani malami, a danna dama a kan hoton, a zaɓi Stats for nerds. Wani ɗan baƙin akwati zai fito a kusurwa. A layin Codecs, in an ga avc1 to H.264 ne, in an ga vp09 to VP9 ne, av01 kuwa AV1. A layin Frames ana nuna hoto nawa aka zubar cikin nawa. Ƙasa kaɗan akwai Buffer Health, wato daƙiƙa nawa na bidiyo suka riga suka sauka suna jira. In wannan na faɗuwa zuwa sifili, laifin intanet ne. In yana cike amma adadin hotunan da aka zubar na ta hawa, kuma an ga vp09 ko av01 a kan kwamfutar 2012, an kama ɓarawon da kaya a hannu.

Maganinsa kyauta ne. Akwai ɗan ƙarin manhaja da ake liƙa wa Chrome ko Firefox mai suna h264ify, da ƙaninsa enhanced-h264ify. Abin da yake yi kawai shi ne ya hana burawuza amsa cewa tana karɓar sababbin salon, sai YouTube ya turo H.264. Na sha ganin kwamfutar da firosesarta ke cike maƙil tana huci, aka sa wannan aka sake buɗe shafin, nan da nan aikin ya sauko ƙasa, fanka ta yi shiru, hoto ya daidaita. Yana da nasa farashin, ba zan ɓoye ba. H.264 ya fi cin data a kan kyawun hoto iri ɗaya, kuma a YouTube ba ya wuce 1080p.

Wannan iyakar ma ba asara ba ce ga mafi yawanmu. Allon yawancin waɗannan laftof ɗin 1366 ne a 768, wato ɗigo 1,049,088. Hoton 1080p ɗigo 2,073,600 ne. Ka sa kwamfuta ta warware ninki biyu na abin da allonta ke iya nunawa, sannan ta sake wahala wajen ƙanƙance shi, kai kuma ka biya kuɗin datar da idonka bai gani ba. Hoton 720p ɗigo 921,600 ne, shi ya fi kusa da girman allon. Danna alamar saiti a ƙasan bidiyo a zaɓi 720p ya warkar da kwamfutoci da yawa da aka riga aka fara yi wa ta'aziyya. Na san akwai masu ganin ragewar kamar ƙasƙanci ce, su dai su ga an rubuta babbar lamba. Wannan kuma ba ciwon kwamfuta ba ne.

Sai batun fomat, wanda Malam ya sa a gaba. A nan ne na fi jin ciwo, don shawarar kan ƙara dagula abin. Fomat na goge tarkacen manhajoji, gaskiya ne, kwamfuta kan ɗan yi sauƙi na wani lokaci. Amma ba ya koya wa sashen hoto salon da bai iya ba. Abin da ya fi haka muni, yawancin fomat ɗin kasuwa daga filas ake yi, ba a jona intanet, kuma wasu masu gyaran kan kashe sabuntawar Windows don kada ta cinye wa mai kaya data. Sakamakon haka direban hoto ba ya hawa. Windows sai ta lallaɓa da wani direban wucin gadi wanda ke nuna rubutu da hoto amma bai san da zaman sashen warware bidiyo ba sam. Mutum ya dawo gida da kwamfutar da a da take zubar da hoto jefi-jefi, yanzu ko H.264 ɗin ma sai da turmi. Ya biya kuɗi, ƙila ya rasa hotunan suna da takardun makaranta, kuma bisa tsarin Malam mataki na gaba shi ne ya sake biyan kuɗin RAM.

Dubawar ba wuya. A buɗe Device Manager, a shiga Display adapters. In an ga sunan Intel HD Graphics ko AMD ko NVIDIA, to direba na nan. In an ga Microsoft Basic Display Adapter, ba ya nan, sai a nemo shi a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko a bar Windows ta sabunta kanta. Mai amfani da Chrome kuma ya rubuta chrome://gpu a wurin adireshi, ya nemi layin Video Decode ya ga ko sashen hoto ke aikin ko firosesa. Wani lokaci ma maɓallin da ke ba burawuza damar amfani da sashen hoton ne wani ya kashe a cikin saiti, shekara biyu da suka wuce, don wata matsalar daban, aka manta.

Akwai wata alama da ta kamata ta sa kowa ya tsaya, kuma ita ce mutane suka fi faɗa wa mai gyara: da farko lafiya lau take yi, sai an yi minti goma ko sha biyar take fara iskancin. Kwamfutar da ta rasa ƙarfi ba za ta yi lafiya lau na minti goma ba. Zafi ne. Firosesar Intel in ta doshi maki 100 a ma'aunin Salshiyos takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma ragewar ba 'yar kaɗan ba ce. Ga yadda abin ke haɗuwa: VP9 ya jibga wa firosesa aiki, aiki ya kawo zafi, zafi ya sa ta ja birki, hoto ya fara zuba. Waɗannan kwamfutocin an tsara su ne don ofisoshi masu sanyi. Mu kuwa muna kunna su a ɗakin da a watan Afrilu zafin waje ke haura 40, a kan katifa ko dardumar da ta toshe ramukan shan iska na ƙasa, bayan sun sha ƙurar hunturu shekara bayan shekara.

Duk wanda bai taɓa tsayawa a kan mai gyara yana buɗe irin wannan laftof ba, ya gwada. In an cire murfin ƙasa aka ɗaga fanka, tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita za a tarar da wani abu toka-toka, a dunƙule, mai kauri kamar an yanko shi daga bargo. Ƙura ce da zaren tufa da gashi. Da ɗan hantsaki ake ɗago shi, ya taso gaba ɗaya a siffar ramin. Fankar tana juyawa, tana ma ƙara, amma iskar ba ta da hanyar fita. In aka kwance ƙarfen jan-gacin da ke kan firosesa kuma, man da ya kamata a samu da danshi ya bushe ya farfashe, ana kankare shi yana zuba gari-gari. A goge, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar. Aikin bai fi na rabin sa'a ba a yawancin waɗannan samfuran, don an yi su ne a riƙa buɗewa. Abu ɗaya da zan roƙi masu hura iska da bulowa: a riƙe fankar da yatsa, kada a bar ta tana wulwulawa fiye da ƙima. Mai son tabbatarwa kafin ya buɗe, ƙananan manhajoji irin su Core Temp da HWMonitor na nuna zafin firosesa yayin da bidiyo ke tafiya.

Ga kuma caja, wadda ban ga Malam ya ko ambata ba, alhali a ƙasar nan tana cikin manyan masu laifi. Cajar Dell ta asali tana da wani siririn tsinke a tsakiyar bakinta, ta nan take sanar da kwamfuta ƙarfinta. In tsinken ya karye, ko cajar jabu ce, ko ƙarfinta bai kai ba, kwamfutar kan nuna gargaɗi lokacin tashi cewa ba ta gane cajar ba, sannan ta ƙi cajin batir ta kuma danne gudun firosesa ƙasa ƙwarai. Mutane kan danna maɓalli su wuce gargaɗin kullum ba tare da sun karanta ba. Cajar HP ma tana da irin wannan tsinken. Cajar asali kuwa nawa ce ta tsira daga wutar da ake kawowa da ƙarfi a ɗauke ba sallama, da ta ƙaramin janareto? Mutum ya sayi ta kasuwa mai araha, washegari bidiyo ya fara tsalle, bai taɓa haɗa biyun a ransa ba. Haka nan in an ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, Windows kan shiga tsarin tattalin wuta ta rage gudu. Wanda ya lura cewa matsalar tana zuwa ne in babu wuta, ya leƙa saitin wutar kafin komai.

RAM fa? Ban ce ba ta da amfani ba. Kwamfuta mai gigabait 4 da ke ɗauke da Windows 10, ga shafuka goma sha a buɗe a Chrome, za ta cika, ta koma jibge kaya a faifan ajiya, faifan mai juyawa kuma ba shi da hanzarin wannan aiki. A danna Ctrl da Shift da Esc tare a buɗe Task Manager ana cikin kallon. In ma'aunin RAM ya doshi ƙarshe, na faifai kuma ya manne a 100, to Malam ya yi daidai a wannan gida, a ƙara zuwa 8, in da hali kuma a sauya faifan da SSD, wanda a ganina shi ne kuɗi mafi albarka da ake kashe wa tsohuwar kwamfuta. Amma in RAM rabi ce a cike, firosesa ce ke 100, ko an cika ramukan RAM ɗin duka biyu hoto ba zai daina zuba ba. Su kuma manhajojin da ke alkawarin wanke kwamfuta su ƙara mata gudu, waɗanda ake cusa wa mutane bayan fomat, ba sa taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa. A 2017 ma an gano cewa ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja a wani zubin CCleaner, mutum sama da miliyan biyu suka sauke shi.

Wani ya ce mini ai shi ba YouTube ba ne matsalarsa, bidiyon bikin ƙanwarsa ne da aka turo masa a filas ya ƙi tafiya. Labarin dai ɗaya ne. Tun 2017 wayoyin iPhone ke ɗaukar bidiyo da HEVC in ba an sauya saitin ba, wayoyin Android da yawa ma yanzu haka, wasu kuma a 4K, ɗigo sama da miliyan takwas a kowane hoto. Wayar da ta ɗauka tana da sashen da ya iya, shi ya sa a kanta yake tafiya kamar ruwa, har mutum ya ce ashe wayarsa ta fi kwamfutarsa ƙarfi. VLC zai buɗe fayil ɗin, amma da firosesa zai warware. Hanya mafi sauƙi ita ce a juya shi sau ɗaya zuwa H.264 mai 720p ko 1080p da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce. A bar kwamfutar ta kwana tana aikin in ta kama, da safe a samu bidiyon da kowace na'ura a gidan za ta kunna, har tsohuwar talabijin mai ramin filas.

Yanzu ga inda Malam ke da gaskiya, ko da yake ba ta ƙofar da ya shigo ba. Akwai kwamfutocin da ba su da sashen warware ko H.264 ɗin, irin ƙananan laftof masu Intel Atom na wajen 2008 da 2009. Waɗannan 360p ko 480p ne iyakarsu, babu dabarar da za ta wuce da su nan. Akwai kuma batun tsaro, wanda shi ne dalili na gaske da zai sa a yi tunanin sauyi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020. Chrome ya tsaya a zubi na 109 ga masu ita tun farkon 2023. Windows 10 ita ma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin lokaci ga waɗanda suka shiga shirin tsawaitawa. Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, sai 'yan tsiraru. Mai shiga asusun banki da kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro yana wasa da wuta, ko bidiyonta na tafiya ko ba ya tafiya. Da wannan hujjar Malam ya kafa, da ban ɗauki alƙalami ba, sai dai in ƙara da cewa Linux Mint da 'yan uwansa na hawa waɗannan kwamfutocin kyauta kuma ana sabunta su, ga wanda aikinsa bai ta'allaƙa da wata manhajar Windows ba. Kuma kafin a miƙa wa 'yan gwangwan, a tuna rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar lantarki tan miliyan 62, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata.

In ma sayen ya zama dole, Malam ya bar mai karatu a tsakiyar kasuwa ba jagora. Bai faɗa masa me zai nema ba. Mutumin da aka ce wa ciwon tsufa ne da rashin ƙarfi, zai shiga shago ya ce a ba shi mai ƙarfi, a nuna masa tambarin Core i7 yana sheƙi, ya biya. In i7 ɗin zubi na uku ce ko na huɗu, ya sayo matsalar da ya baro a gida da ƙarin kuɗi. Abin mamaki ma, ƙaramar laftof mai Celeron N4020 ta 2019, wadda a yawancin ayyuka ba ta kamo tsohuwar i7 ba, takan nuna VP9 na YouTube cikin natsuwa fiye da ita, don kawai tana da sashen. Ban ce a saye ta ba, za ta ba da haushi a wasu wuraren. Na kawo ta ne don ta nuna cewa ƙarfi da shekaru ba su ne ma'aunin wannan matsalar ba.

Lambar da ke bayan tambarin ita ce abin karantawa, kuma a cikin kwamfutar ake duba ta, a shafin bayanin na'ura, ba a jikin sitika ko bakin mai shago ba. A i5-3320M, 3 ɗin farko na nufin zubi na uku. A i5-7200U, na bakwai. A i5-8250U, na takwas. A i5-1135G7 lambobi biyun farko ake haɗawa, na goma sha ɗaya. Mai neman VP9 ya fara daga na bakwai. Mai son Windows 11 ta hau ba da dabara ba ya fara daga na takwas. Mai son har AV1 sai na goma sha ɗaya zuwa sama. Kafin a ƙirga kuɗi kuma a ce wa mai shago ya jona intanet, a kunna bidiyo mai 1080p da hoto 60, a buɗe baƙin akwatin nan, a bar shi ya yi kwata na sa'a da cajar da za a tafi da ita gida.